Bas ɗin Mararaba mai esi: da safe sai godiya, da yamma sai haƙuri

Sati biyu ke nan ina hawan farar bas ɗin nan mai esi daga Mararaba zuwa Berger da ke cikin Abuja, wadda kuɗinta ya ɗara na ƙananan motoci da ɗari uku. Abokin aikina ne ya dame ni sai na gwada. Da ƙyar na yarda, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ke wawure albashina tun wata bai raba ba.

Ranar farko ta ba ni mamaki. An ce shida da rabi za ta tashi. Na sayi ƙosaina na gyara zama, na san sai an yi jiran lodi kamar kullum. Shida da rabi na bugawa direba ya rufe ƙofa ya ta da mota, ga kujeru biyar babu kowa. Da idona na ƙirga su. Wani dattijo kusa da ni ya ɗaga murya, "Direba, ba ta cika ba fa!" Ya ce, "Baba, lokaci ai ya cika." Mota ta ɗauki dariya. Wallahi shekarata takwas a hanyar nan, ban taɓa ganin motar haya ta tashi da gurbi ba. Muka wuce gadar Nyanya kafin gosulo ya ƙulle, muka bar Kugbo, muka tsallake AYA, na isa ofis har da lokacin shan shayi. Babu mai zama a cinyar wani, ba a haɗa mutum biyu a kujerar gaba, rigata ko lanƙwasa ba ta yi ba.

A daren na ce wa maiɗakina ko ɗari biyar suka ƙara zan biya. Esin bai dame ni ba, su kashe shi ma in sun so. Sanin lokacin tashi nake saye.

To amma komawa gida fa? Nan ake yin ta. Ranar Alhamis na tsaya a Berger tun biyar da rabi, tikitin dawowa na hannuna, har aka kira magariba babu bas babu dalilinta. Lambar da suka rubuta a jikin motar tana ta ringin ba a ɗagawa. Ƙarshe na cusa kaina cikin wata ƙaramar mota, mu huɗu a baya, ina ta leƙen fuskokin mutane don tsoron 'yan wan-cans, masu fashi a cikin motar haya, wayata a cikin safa. Kuɗi biyu na biya a tafiya ɗaya. Washegari na yi wa yaron motar magana, sai ya ce, "Oga, sai haƙuri, layin gas ne ya riƙe mu." Maganar mayar da kuɗi kuwa ko tayar da ita bai yi ba.

Kuma tun da na tuna, akwai canjina ɗari biyu a hannunsa tun ranar Talata. Gobe da safe zan hau, zan kuma tambaye shi. Tikitin yamma dai na daina saye.