Sharhi: Littafin da ya zaunar da ni cikin zuciyar maci amana

Duk wanda ya karanta littattafan The Hunger Games na Suzanne Collins, waɗanda na farkonsu ya fito a 2008, ya san Shugaba Snow: dattijo mai furfura, da farin fure a ƙirji, wanda ake kashe yara a talabijin da umarninsa ko gezau ba ya yi. A 2020 marubuciyar ta koma baya shekara 64 ta kawo mana shi yana ɗan shekara 18 a cikin The Ballad of Songbirds and Snakes. Shi na gama karantawa, kuma a ganina ya fi ukun farko nauyi, ko da yake bai kai su saurin tafiya ba.

Ga wanda bai san duniyar labarin ba: ƙasar sunanta Panem, tana da babban birni, Kapitol, da gundumomi 12 da suka yi tawaye aka murƙushe su. Hukuncinsu shi ne kowace shekara kowace gunduma ta ba da yaro ɗaya da yarinya ɗaya, a zuba su 24 a fili su kashe juna har saura mutum ɗaya. A wannan littafin gasa ta goma ake yi, kuma mutanen birni sun gaji da kallo. Sai aka raba yaran ga ɗaliban makarantar 'ya'yan manya, kowa ya kula da ɗaya, ko a samu gasar ta farfaɗo.

Coriolanus Snow, ɗaya daga cikin ɗaliban, ɗan babban gida ne da yaƙi ya tsiyata. Sunan yana nan, aljihu babu komai. Miyar kabeji suke sha shi da kakarsa da 'yar uwarsa Tigris, wadda take gyara masa tsohuwar rigar mahaifinsa don kada abokai su gane halin da ake ciki. Wannan ɓangaren ya taɓa ni ƙwarai, domin rufin asiri irin wannan ba baƙon abu ba ne ga kowa. Nan kuma tarkon marubuciyar yake. Ta sa ka tausaya masa tun daga shafukan farko, har ka riƙa yi masa fatan samun kyautar da za ta biya masa kuɗin jami'a, ka manta cewa da jinin yara za a same ta.

Yarinyar da aka ba shi, Lucy Gray Baird, mawaƙiya ce daga gunduma ta 12, wadda kowa ya raina. Yana kai mata abinci a gidan namun daji, inda aka kulle yaran a keji. Yana yi mata maguɗi don ta rayu. Shin sonta yake yi? Ni na karanta a hankali, abin da na gani shi ne duk lokacin da ya tuna ta, a matsayin kayansa yake tuna ta. Collins ba ta taɓa tsayawa ta yi maka wa'azi a kan haka ba, ta bar ka ka ji tunaninsa da kanka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba kisan cikin fili ba ne. Shawarwarin da wannan yaro mai ladabi ya rubuta wa Dakta Volumnia Gaul, shugabar masu tsara gasar, su ne suka hana ni sukuni: a bar masu kallo su yi caca a kan yaran, a bar su su aika wa wanda suke so abinci da ruwa. Da haka kowane mai kallo ya zama yana da hannu a ciki. Marubuciyar ta taɓa bayyana cewa tunanin labarin ya zo mata ne tana canza tashoshi tsakanin shirye-shiryen gasa da hotunan yaƙin Iraƙi, kuma a nan ne na fi jin hakan.

Sai Sejanus Plinth. Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, dole in taɓa wannan. Yaro ne ɗan gunduma ta 2 da arzikin mahaifinsa ya kawo shi birni, shi kaɗai ne cikin ɗaliban yake fitowa fili ya ce abin da ake yi zalunci ne. Ya ɗauki Coriolanus ɗan'uwa, mahaifiyarsa ma tana aika masa da abinci. Shi kuwa ya naɗi sirrin Sejanus da wani tsuntsu mai haddace magana ya tura birni, aka rataye abokin nasa. Ya yi kuka, da gaske ya yi. Amma kafin hawayen su bushe ya riga ya samar wa kansa uzuri, daga baya ma ya gaji dukiyar gidan su mamacin. Ban taɓa karanta cin amanar da aka bi ta daki-daki haka ba, kowane mataki da hujjarsa mai kama da hankali.

Littafin yana da nasa rauni. Ya haura shafi 500, kuma kashi na uku, inda aka tura Snow aikin soja a gunduma ta 12, yana jan ƙafa sosai, sai kuma ƙarshen ya zo a guje. Baitocin waƙoƙi sun yi yawa a takarda. Fim ɗin da aka yi a 2023 ya fi dacewa da su, amma ya rasa muryar zucin Snow, wadda ita ce ƙashin bayan labarin.

Turancinsa ba mai tsauri ba ne, ɗalibin babbar sakandare zai iya bi. Sai dai akwai kisa da yunwa da rataya a ciki, don haka ba zan miƙa wa yaron da bai kai shekara 15 ba. Wanda kuma bai san labarin ba, gara ya fara da littafin 2008 kafin ya zo nan.