Wajen da na koma yin juyen baƙin mai a Kano

Jama'a bari in ba ku labarin wani wajen sabis da na samu a hanyar Zariya, don wlh na daɗe ban ga masu aiki da suka tsaya suka yi min bayani kamar su ba. Motata Corolla ce 2010, 'yar Amurka, kuma shekara biyu kenan duk ƙarshen wata sai na kai ta juye saboda tsohon bakanikena yace haka ake yi, ni kuma ban taɓa musu ba, albashi na shigowa galan ɗin mai ne farkon abin da nake siya.

Da na je wajen nan yaron da ya karɓe ni ya zaro gejin auna mai ya goge ya sake tsomawa, ya kalli man, ya leƙa dashbod, sai ya kira ogansu. Ogan yace Alhaji yaushe ka yi juye na ƙarshe, nace sati huɗu, yace to nawa ka yi tafiya tun daga nan, nan fa na yi tsuru-tsuru. Ashe ma lambar da motata ke ƙirgawa mil ce ba kilomita ba, tunda daga Amurka ta zo, kuma mil 5,000 kusan kilomita 8,000 ne. Wannan fitilar MAINT REQD da take kamawa ina tsorata, ita ma a kan mil 5,000 aka saita ta, tunin lokacin sabis ce kawai, ba ta san halin da man yake ciki ba. Shi dai shawararsa a irin garinmu ga ƙurar hunturu ga zafi ga gosulo, kuma yawancinmu gida zuwa ofis ne injin bai gama ɗaukar zafi ba an kashe, kar in wuce kilomita 5,000 in man gama-gari ne, in kuma sintetik ne mai kyau, wato man da aka sarrafa na musamman da ya fi gama-gari jurewa, zan iya kaiwa mil 5,000 ɗin ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Ko motar a ajiye take wata shida ya cika a juye. Kuma yace baƙin da mai yake yi ba shi ne alamar ya mutu ba, dattin injin yake kwashewa, aikinsa kenan.

Inda ya fi burge ni murfin mai ya nuna min, an rubuta irin man da injin ke so ɓaro-ɓaro, 0W-20 ko 5W-20 ake sa wa wannan injin, wato lambar kaurin mai kenan, ni ko 20W-50 ake ta ɗura min wai mai kauri ya fi a ƙasar zafi. Sannan injin yana cin lita 4.2 ne har da filta, kaga galan mai lita 4 bai cika isa ba. A gabana suka fasa sil ɗin babban galan, suka canja filta, suka miƙo min ragowar man, ba irin wajen da za a ce je ka dawo ba ka san me aka zuba ba, ga jabun mai ya cika kasuwa.

Amma fa akwai matsala, kar in yi musu kara. Ran Asabar na je, na fi awa biyu a zaune a benci ɗaya tal rana na dukana, ramin duba mota guda ɗaya gare su. Kuɗin aikinsu ma ya ɗara na bakin titi, man kuma in a wajensu ka siya da ɗan tsada, gara ka taho da naka daga dilan da ka yarda da shi, ba sa ɓata rai. Sun manta ba su kashe min fitilar nan ba sai da na juyo daga hanya.

Sun manna min 'yar takarda a gilas da lambar da zan dawo, a mil suka rubuta. In za ka je ka je Talata ko Laraba da sassafe.