Daskararren abinci a wani kantin Plateau da matsalar gulutin

Wannan kanti na unguwar Plateau a Yamai yana sayar da dafaffen abinci daskararre, kuma tsabtarsa ta gamsar da ni. Amma ga mai cutar siliyak, wanda ko ɓurɓushin alkama ma ke lahanta masa hanji, akwai matsala babba. Shinkafa da kazar da suke ƙullawa da kansu suna firigo ɗaya da kifin da aka turbuɗa cikin garin alkama, wasu ledojin ma a yage, alhali sanyi ba ya kawar da gulutin, wato sinadarin da ke cikin alkama mai tayar da cutar. Kwalayen Faransa masu tambarin «sans gluten» (babu gulutin) sun fi aminci, domin dokar Turai ta hana su wuce miligiram 20 na gulutin a kilo. Su kaɗai nake saya wa ɗiyata.