Sodar masu sabulu wajen mayar da man suya gazuwal: tana aiki, amma tana da sharaɗi

Sodar nan ta buhu mai kilo 25, mai ɓarzazzen ƙwaya fari, wadda masu sabulu ke saye a babbar kasuwar Maradi, ita ce mafi sauƙin samu cikin sinadaran da ke zaburar da mai ya rabu da gilisarin, wato ruwa mai kauri da ke fita daga jikin man. Ga man gyaɗa sabo, lita ɗaya na son giram 3.5 na soda, a narke ta cikin mililita 200 na metanol, wani irin barasa na masana'antu. A ɗumama man zuwa digiri 55, a zuba, a yi ta motsawa awa ɗaya. Kada zafi ya kai 65, metanol zai tafasa ya gudu. In ya kwana, gilisarin ya kwanta ƙasa, ja-ja kamar zuma, man da ya tsaya sama shi ne gazuwal ɗin.

Aibin sodar shan danshi. A bar bakin buhu buɗe da damina, sai ka ga ƙwayar ta yi gumi ta dunƙule, kuma ruwa kaɗan ya isa ya mayar da aikin sabulu mai kauri kamar kunu. Man da aka daɗe ana tuya ƙosai da shi ma haka, tsaminsa na cinye sodar. Dole a auna tsamin a ƙara giram na soda. Man bedi da na cin-da-zugu kuwa galibi sai an fara bi da su da asid don a rage tsaminsu.

Ba a haɗa sodar a tukunyar dalma, tana cin ta. Metanol guba ne mai makantarwa, a sa safar hannu da tabarau, a yi aikin a fili.

Ga injin ban-ruwa mai shan gazuwal man na yi, muddin an wanke man da ruwan ɗumi an busar, kuma a lura da tiyon roba, yana laushi.