Horon tsaron intanet da aka kawo mana ofis, tauraro uku na ba su

Wata shida kenan da oga ya ɗauko wani kamfani su koya mana kare kai daga ƴan damfarar intanet, to tunda ana ta tambayata ko abin ya ci kuɗinsa bari in faɗi abin da na gani.

Kashi uku suka yi shi. Na farko bidiyo ne na wajen minti 40, wani Bature yana ta zuba a kan fasuwod, mu kuwa sai mu kunna mu kashe murya mu ci gaba da harkarmu, in ya ƙare a amsa tambaya goma, amsoshin ma kafin azahar sun gama zagaye WhatsApp. Kowa ya ci, kowa ya karɓi satifiket. Wallahi ban riƙe komai ba.

Na biyu imel ɗin tarko ne da suke turowa ba sanarwa. Ni ranar da aka ce an ƙara alawus a danna a duba suna na rufta, ina dannawa sai ga jan shafi wai an kama ni, ga dogon bayani a ƙasa, kunya ta sa na rufe ko layi ɗaya ban karanta ba. Ashe ba ni kaɗai ba ne. A asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego an gwada ma'aikata sama da 19,500 tsawon wata 8, irin wannan darasin ya rage faɗawa tarko da kashi 1.7 cikin ɗari kacal, yawancinsu ko minti ɗaya ba sa wucewa a shafin.

Na ukun ne ya biya ni. Wata baiwar Allah suka turo, ta zaunar da mu awa biyu, da Hausa take bayani, ta haska mana saƙon nan na "an toshe BVN ɗinka" a bango ta ce kowa ya nemo inda ƙaryar take. Mun fi minti biyar muna zare ido kafin masinjanmu ya gano an sa lamba 1 a madadin harafin l a adireshin, aka yi ta masa tafi. Ta ce duk wanda ya turo cewa ya canza lambar akawun, a kira shi ta lambar wayar da aka sani tun da, ba ta cikin saƙon ba. Bayan sati uku kuwa sai ga irinsa na gaske da sunan mai kawo mana dizal, kashiyarmu ta ɗaga waya ta ce "Alhaji kai ka canza banki?" ya ce shi bai san zancen ba.

Haushina ɗaya, sau ɗaya tak matar ta zo, bidiyon kuma an ce dole mu sake kallonsa a Janairu.