1:66, 1:48 ko 1:28: wace ta dace da gajeriyar bindigar ɗure ta halbi?

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya yi tambaya daga Yamai, ka ce ka ga gajerun bindigogin ɗure na kampani, kalibar .50 (wato faɗin ramin bututu rabin inci), wata an rubuta mata 1:66, wata 1:48, wata 1:28, kana son sanin wace ta hi kuma albarushi nawa ake zuba ma kowace. Kuma ka ce wani ya gaya maka wai in bututu gajere ne dole murɗin ya zama mai sauri. To bari mu aje su kusa da juna, ni daga nan Tawa nike rubutu.

Lambar nan tana nuhin tsagin da anka yanka cikin bututu, shi ke murɗa harsashi. 1:48 kenan harsashi zai kewaya kanshi sau ɗaya cikin tahiyar inci 48, wajen santimita 122. Ta 1:66 sau ɗaya cikin santimita 168, ta 1:28 cikin 71. Ƙaramar lamba ita ce mai saurin juyi, kar ta ruɗe ka.

Maganar mutumenka kuwa ba haka take ba. Bututu mai inci 24 da murɗin 1:48 rabin kewaye kaɗai harsashi zai yi kahin ya hita, gaskiya ne, amma ba yawan kewayen cikin bututu ke aiki ba, saurin juyin da ya hita da shi ne. In harsashi ya bar baki da gudun mita 450 cikin sakan, 1:66 za ta ba shi juyi wajen 270 cikin sakan, 1:48 wajen 370, 1:28 sama da 600, ko bututun dogo ne ko gajere. Abin da gajarta ke ragewa shi ne gudu, sai juyin ya ɗan ragu tare da shi. Abin da ke yanke hukunci tsawon harsashin ne. Kamar mazari ne, dogon abu in bai juya da sauri ba sai ya yi tangal-tangal ya kihe, shi ko ƙwallo ko ta ina ya juya ƙwallo ne. Wani Bature na Ingila, Greenhill, ya hitar da lissahin tun 1879: ka ninka faɗin harsashi da kanshi, ka ninka da 150, ka raba da tsawonshi, duk da inci, abin da ya hito shi ne lambar murɗin da ya dace da shi. Ƙwallon dalma na .50 sai ya ba ka 75, harsashi mai tsawon inci ɗaya ya ba ka 37 da rabi. Ka ga inda lambobin sunka samo asali.

1:66 ta ƙwallon dalma ce tsantsa. Ƙwallo na .490, nauyinshi wajen giram 11 da rabi, ana naɗe shi cikin ƙyallen auduga da anka shafa ma kitse. Irin wanga bututu galibi tsaginshi na da zurhi, shina kama ƙyallen da kyau, don haka ko ka ƙara albarushi ba ta cika watsa halbi ba. Amma ka ɗura mata dogon harsashi sai ka ga ramin da ya yi jikin kwali a kaikaice, ya shiga da gehe. Kuma ƙwallo na saurin rasa ƙarhi cikin iska, in ya wuce mita 70 zuwa 90 ni ban ba ka shawarar ka halbi dabba da shi.

1:28 kuwa ƴar zamani ce, ta bindigogin da sunka yaɗu a Amurka bayan Tony Knight ya hito da MK-85 a 1985. An yi ta don dogon harsashi, musamman wanda ake sawa cikin ɗan kokon roba, harsashin .45 cikin bututun .50, in sun hita robar ta faɗi shi ya wuce. Ta hi kai nesa, ba gardama. Matsalarta garemu ita ce robar nan ba ka yin ta gida, in ta ƙare ka zauna, sannan zahin watan Afrilu na Adar in bututu ya ɗau wuta robar laushi take yi, halbi ya riƙa watsewa. Ƙwallo cikinta sai da albarushi kaɗan, in ka cika sai ƙyallen ya zame bisa tsagi ya yage.

1:48 ita ce ta tsakiya, kuma ba sabon abu ba ce. Gajeriyar bindigar Enfield ta sojan Ingila ta 1861 bututunta inci 24 ne da murɗin 1:48, alhali doguwar ta 1853 tana da 1:78, dukansu kuma harsashi irin na Minié suke ci, wanda Bafaranshe ya ƙirƙiro mai rami a gindi. Kampanin Thompson/Center da ya hito da bindigarshi Hawken a 1970 shi ma 1:48 ya zaɓa, don ta ci ƙwallo ta kuma ci gajeren harsashi mai tsini irin Maxi-Ball mai giram 24. Ba ta kai 1:66 iya ƙwallo da albarushi mai yawa ba, ba ta kai 1:28 iya dogon harsashi ba, amma ba ta ƙin ko ɗaya. Ni in nawa kuɗi ne ita zan ɗauka, don mai narka dalma da kanshi ita ke barinshi da zaɓi biyu.

Batun awo. Su da giren suke aunawa, giren ɗaya giram 0,065 ne, kuma da ma'auni ake ɗiba. Ga .50 ta kampani da baƙin albarushi FFg, wato mai matsakaicin gari, ƙwallo ana fara shi wajen giren 50 zuwa 60, a riƙa ƙara biyar biyar, galibi tsakanin 70 da 90 ake samun inda take tara halbi wuri guda. Harsashi mai nauyi wajen 70 zuwa 90 shi ma, sai dai shurin da za ta yi maka a kafaɗa daban ne, ga ta gajeriya ba nauyi. Iyakar da takardar kampani ta faɗi ba a wuce ta. Kuma gajeren bututu cika mashi albarushi asara ce, ƙarin gudun kaɗan ne, sauran wuta ce da hayaƙi da ƙara a bakin bindiga.

In kana gwajin ƙwallo, je ka tsinto ƙyallen, yana faɗuwa ƴan taki gaban ka. In ka ganshi lahiya lau da baƙin zobe inda dalma ta zauna, awon ya yi. In ya huje ko ya ƙone, ko ƙyallen ya yi siriri ko albarushin ya yi yawa ko kitsen bai isa ba. Kitsen tunkiya marar gishiri na aiki, leda ko nailan kuwa narkewa suke. Lokacin hunturu dattin albarushi bushewa yake ya yi tauri cikin bututu, ka riƙa goge shi da ɗanyen tsumma bayan halbi biyu uku, in ba haka ba harsashi zai tsaya maka rabin hanya, kuma halbi da harsashin da bai zauna daram bisa albarushi ba shi ke kumbura bututu ko ya fasa shi.

Don Allah wagga lissahi duk na bututun kampani ne da anka gwada ƙarhinshi. Adaka ta maƙeranmu cikinta sumul yake, ba tsagi, ba ruwanta da 1:48, kuma kar kowa ya auna mata wanga awo. Garin harsashin zamani marar hayaƙi kuma ba ya shiga bindigar ɗure ko ƙanƙane. Kahin ka saye komi ka nemi takardar izinin riƙe bindiga, ka kuma je wurin ma'aikatan gandun daji don parmin halbi, dokar 1998 ta halbi da kare namun daji na nan, akwai lokacin buɗewa akwai dabbobin da ba a taɓawa sam.