Zuma, Mazarƙwaila ko Stevia: Wanne Ya Dace da Mai Azumin Rage Ƙiba?

Mai bin tsarin barin abinci na sa'o'i 16 ya ci a cikin 8 ba ƙishirwa ke damunsa ba, tunda ba azumin ibada ba ne, ana shan ruwa da ruwan bunu. Shayin safe ne matsalarsa. Harshen da ya saba da cokali uku na sukari ba ya karɓar shayi salam.

Da yawa sai su garzaya wajen mai zuma. Zuma tana da amfani, ban musa ba, amma babban cokali ɗaya na ɗauke da kalori kusan 64, kuma da ta shiga ciki azumin ya karye. Haka mazarƙwaila, wadda ruwan rake ne aka dafa ya daskare, haka garin dabino. Ka saye su, amma ka adana su sai lokacin cin abinci.

Wadda na fi yarda da ita a sa'o'in azumi ita ce stevia, ganye ne mai asali daga Faragwai a Kudancin Amurka. Sinadarinta ya fi sukari zaƙi sau 200 zuwa 300, ba kalori. Tana barin ɗan ɗaci a maƙogwaro, amma citta ko na'a-na'a na rufe shi. A nan ake yaudarar mutane, kuma abin yana min ciwo: kwali ya ce stevia, ka juya bayansa ka tarar maltodextrin ko dextrose ne a farkon jerin sinadarai, garin da ake yi daga sitaci, waɗanda ke ɗaga sukarin jini nan take. Shi ya sa ta ruwa mai ɗigo ta fi ta gari, ɗigo biyu ko uku sun ishi kofi guda.

Akwai monk fruit, wani ɗan itace mai zaƙi na kudancin Sin, ɗanɗanonsa ya fi laushi, sai dai tsada da wuyar samu, kuma galibi haɗe yake da sinadarin zaƙi na erythritol, wanda wani bincike na 2023 ya danganta yawansa a jini da haɗarin daskarewar jini. Xylitol kuwa, wani sinadarin zaƙin, yana da kalori, yawansa kuma kan sa gudawa.

A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin su stevia don rage ƙiba, saboda haka ƙaramar kwalba za ka saya, kana rage ɗigon mako-mako. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, ya fara ganin likitansa kafin ya taɓa azumin ma.